Hannun Baba a Kan Rufin Mota

Arnage, 14 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanwata Nadège,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Loïc da yaran. Yaya aikin asibiti, yaya kuma ruwan Cayenne? Na ji an ce damina ta kankama a wurinku. Mu nan ƙalau muke, in ban da gwiwar Baba da ke gaishe shi kowace safiya.

Na rubuto ne maimakon in buga waya saboda maganar Baba ce, kuma ina so ki karanta a tsanake kafin ki ba ni amsa. A waya sai mu yi ta katse juna.

Kin san bara hukumar tseren motocin nan na awa ashirin da huɗu ta ba ni shugabancin tasharmu ta masu tsaron gefen hanya, tashar da Baba ya riƙe tun muna firamare. Shi da kansa ya ba da sunana, ya koma sahu kamar kowa, yana kirana "Shugaba" da muryar nan tasa da kika sani. To, Asabar da ta wuce aka tara mu horon shekara, kuma bana rabin yinin a kan lantarki ya ƙare.

Tun bayan tafiyarki motocin sun sauya. Kusan duk manyan da ke shiga tseren awa ashirin da huɗu yanzu ƙarfi biyu gare su, fetur da lantarki. In direba ya taka birki, motar tana mai da wannan ƙarfin wuta ta adana a batir, in ya fito daga kwana ta maido masa da shi. Shi ya sa suke shan mai kaɗan, shi ya sa kuma injiniyoyi suke ji da su. Mu abin da ya shafe mu guda ne: wutar da ke cikin batirin ta isa ta kashe mutum, kuma in mota ta daki shinge, wutar tana iya bin jikinta.

Wata injiniya mai suna Madam Lenoir ce ta koyar da mu. Kowace mota tana da ƙaramar fitila. In koriya ce, taɓa. In ja ce, ko ta mutu gaba ɗaya, ba a taɓawa sai da safar roba mai kauri da ke kaiwa gwiwar hannu. Direba kuma, in yana iya motsi, shi zai fito ya dira da ƙafa biyu a haɗe, bai dafa mota ba, bai riƙe hannun kowa ba.

Daga nan aka fita fili, inda aka ajiye ƙwarangwal ɗin wata tsohuwar mota da fitila a jikinta, da mutum a ciki a matsayin direba. Aka hura usur. Baba ya riga kowa isa, da gwiwar da komai, ya ɗora tafin hannunsa a kan rufin ya buga sau biyu, yadda ya yi wa kowace motar da ta taɓa tsayawa a gabansa. Fitilar ja ce.

Madam Lenoir ta ce, "Malam Besnard, ka mutu."

Baba ya ce, "To, Allah ya ji ƙaina. A sake."

Aka sake. Safar tana soke a ɗamararsa, ya kuma bugawa. Amininsa Dédé, da ke biye da shi da abin kashe gobara kamar kullum, ya ce, "Yvon, kafin ka mutu na uku, faɗa wa Armelle ni ka bar wa kwale-kwalen." Kowa ya yi dariya, har da ni.

Na ukun ne bai ba ni dariya ba. Ya tsaya, ya duba fitila, ya sa safa, ya buɗe ƙofa, komai daidai. Da mutumin ya miƙe zai dira, sai Baba ya zare safar dama ya miƙa masa hannu. Madam Lenoir ta tambaye shi dalili. Ya dube ta da mamaki, ya ce shi ba a yi masa tarbiyyar miƙa wa mutum hannu da safa ba.

Da aka tashi ta ja ni gefe. Ta ce ita ba ta cire kowa, aikinta koyarwa ne. Wanda zai tsaya a tasha da wanda ba zai tsaya ba, shugaban tasha ke faɗa. Ta ce, "Ke kika san mutanenki." Ban sani ba ko ta lura sunan gidanmu ɗaya da shi.

To kin ji. Saura wata biyu tseren, kuma ni zan ce ko Baba zai sa kayan aiki bana ko ba zai sa ba. Ki faɗa mini abin da kika gani.

Ki gaida Loïc, ki rungume mini yaran.

Yayarki,
Armelle


Arnage, 3 ga Yuni

Ƙanwata Nadège,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso, na kuma ji daɗin jin zazzaɓin ƙaramar ya sauka. Allah ya ƙara sauƙi. Yaya ƙarfin jikinki ke da kika yi jinya a gida da wurin aiki?

Kin ce in bar shi, tun rasuwar Mama ba abin da ya rage masa sai lambu da tashar nan. Gaskiya ne. Kin kuma ce mutumin da ya shekara arba'in bai ji babban rauni ba ya san abin da yake yi. Wannan ne ban yarda da shi ba, don abin da ya shekara arba'in yana yi shi ne matsalar.

Na same shi a lambu yana dasa latas, na yi masa maganar. Bai yi fushi ba. Ya naɗe hannun riga ya nuna mini tabon ƙunar nan na wuyan hannunsa, wanda ya samu shekarar da ya jawo wani direba daga wuta, kafin a haife ki. Ya ce, "'Yar nan, mutum yana cikin akwati a rufe, hayaƙi ya cika, kunnensa na ƙara, bai san sama bai san ƙasa ba. Ba ya ganin fitilarku. Bugun nan kaɗai zai ji, ya san mutane sun iso, ya daina kokawa da bel."

Na ce ai da safa ma ana bugawa.

Ya ce, "Da safa kamar ki bugi katifa ne. Kuma kafin in cusa yatsu biyar a cikin abin nan, mutum ya gasu."

Na gwada a gida. Ba ƙarya ya yi ba, tana cin lokaci, balle in hannu ya yi gumi.

Na karanta duk abin da na iya samu a kan motocin, har na dami abokin aikina mai shafin wasanni a jarida. Ga abin da na fahimta. Jar fitila ba ta nufin lallai akwai wuta a jikin motar. Tana nufin motar ta daina iya ba da tabbacin babu. Galibi babu ɗin. Mutum zai iya taɓawa bana, ya taɓa baɗi, bai ji komai ba, kullum yana ƙara yarda cewa shi ne mai gaskiya. Da a ce tana ɗan fizgar mutum kowane karo, da tuni Baba ya koya.

Ga shawarar da na yanke. Zai zo, amma a kan tuta zai tsaya, bayan shinge, ba zai taka hanya ba ko me ya faru. 'Yan tasharmu Thierry da Josiane ne za su riƙa fita wurin mota, su kuma safarsu ba ta barin hannunsu. Dédé zai tsaya tare da Baba, ɗaya na fuskantar motocin da ke tahowa, ɗaya na duban waɗanda suka wuce, yadda aka saba. Dama tun da aka dasa wa Dédé na'urar bugun zuciya a hunturun nan, likita ya ce ya nisanci irin wannan wutar.

Da na faɗa wa Baba ya ce, "Tuta. Aikin da muke ba wanda surukarsa ta roƙa a ɗauke shi." Ya ci gaba da dasa latas. Can ya ce, "To, Shugaba."

Na ɗauki wannan a matsayin alkawari. Ranar gwajin motoci ya tsaya inda na ajiye shi tun safe har yamma, kuma in faɗa miki gaskiya, ba wanda ya kai shi iya tuta. Shuɗiyar tutarsa, mai ce wa direba ya ba da hanya, takan fito kafin direban ya san za a wuce shi. Abu ɗaya ya yi ta gunaguni a kai, wai wasu motocin suna barin rumfar gyara shiru kamar keken asibiti, sai sun yi nisa injin yake tashi. Ya ce motar da ba ta sallama ba motar kirki ba ce.

Josiane tana gaishe ki. Ta ce bana ma ita ce da girki, kuma ta tanadi dakakken naman nan na kwalba da kike so, ko da yake ba ki nan.

A gaida mutanen gida.

Yayarki,
Armelle


Arnage, 17 ga Yuni

Nadège ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina fata kuna lafiya. Mu duka lafiya muke, na fara da wannan don na san kin ga hoton. Baba bai ji rauni ba, Dédé ma haka. Zan faɗa miki yadda abin ya faru daga inda nake tsaye, don abin da aka nuna a talabijin daga sama aka ɗauka.

Asabar ta wuce lami lafiya. Lahadi da safe aka yi yayyafi, ya ɗauke, rana ta fito, tsakuwar gefen kwana tana jiƙe. Da hantsi wata farar mota da ke ta uku a tseren ta taho ba ta rage gudu yadda ya kamata ba. Daga baya aka ce ɓangaren lantarkinta ne ya tsaya, nauyin tsayar da ita duka ya koma kan birkin ƙafa, shi kuma ya yi zafi ya saki. Ta ratsa tsakuwa ta daki katangar tayoyi da gefe, kusan daidai ƙarƙashin inda Baba yake.

Na duba fitila. Ja. Na faɗa a oba-oba, aka ba mu izinin fita. Thierry da Josiane suna can ɗaya ƙarshen tashar, sun taho a guje, amma gudu a tsakuwa kin san yadda yake. Farin hayaƙi ya fara fita daga bayan motar. Ƙofa ba ta buɗe ba.

Baba ya kaɗa rawayar tutar gargaɗi daidai yadda ake so. Sai ya soke ta a shinge ya tsallaka.

Na kira sunansa. Ban ce Baba ba, na ce Besnard. Bai juyo ba. Ya buga rufin sau biyu, ya kama hannun ƙofa ya ɗaga ta, ya sunkuya ya kwance bel, ya jawo direban ta hammata. Duk da hannu tsirara, ƙafafunsa a cikin jiƙaƙƙiyar tsakuwa.

Ba abin da ya faru. Direban, wani ɗan Fotugal mai suna Henrique Valadão, ya tsaya da ƙafafunsa, ya cire hular kwano, ya rungume Baba. Tudun 'yan kallo ya ɗauki tafi. Aka nuna su a babban allo.

Abin da ba a nuna ba shi ne wanda ya riƙe ƙofar lokacin da Baba yake sunkuye. Ƙofofin nan sama suke ɗagawa, in ba a riƙe ba sai su faɗo wa mutum a ƙeya. Dédé ne ya riƙe ta, da hannu biyu, ƙirjinsa a jingine da ita. Ban ga lokacin da ya tsallaka ba. Na tabbata shi ma bai san ya tsallaka ba. Yvon ya tafi, shi ke nan, ƙafarsa ta bi.

Na jira aka ɗauke motar, aka share hanya, aka ba da koriyar tuta. Sannan na sa Thierry ya karɓi tutar Baba, na kira Baban bayan rumfarmu. Yana tahowa yana murmushi, fuskarsa ta koma ta ɗan shekara hamsin. Na daɗe ban gan shi haka ba.

Na ce, "Baba, ba ni kambun shaidar aikin da ke hannunka."

Ya ce, "Yaron ya ce ya ji bugun. Da bakinsa ya faɗa mini."

Na ce, "Na yarda. Ba ni kambun."

Ya ce, "Wa ya mutu?"

Na ce, "Babu. Wa ya riƙe maka ƙofa?"

Ya waiwaya. Dédé yana zaune a kan akwatin ruwa yana haki, yana ba Josiane labari da hannuwa. Baba ya daɗe yana kallonsa. Sai ya zare kambun ya miƙo mini, ya ɗauki jakarsa da kwalbar kofinsa, ya fita ta ƙaramar ƙofar waya, ya hau tudun ya zauna cikin 'yan kallo da kayan aikinsa a jiki. Mutane suka yi ta zuwa ɗaukar hoto da shi. Nan ya zauna har aka gama tseren. Bai hau motata ba, bas ya bi.

Dédé ya zo ya ce mini, "Haba 'yata, a ranar da ya ceci rai?" Na ce masa shi ma ya zauna a rumfa har a tashi. Ya ce, "Uwarki ma ba ta taɓa yi mana haka ba, kuma ita tana da dalili."

Da yamma na nemi wata injiniyar ƙungiyar motar na tambaye ta ko akwai wuta a rufin lokacin. Ta ce akwatin batirin ya tsage, robar da ta rufe waya ɗaya ta yage. Ko wutar ta kai rufi ko ƙofa a wannan lokacin, ba za ta iya ce mini e ko a'a ba. Na so ta ce e, da maganar ta yi mini sauƙi.

Na san za ki ce me. Ki faɗa, zan karanta.

Ki gaida Loïc da yaran.

Yayarki,
Armelle


Arnage, 1 ga Yuli

Zuwa ga Nadège,

Gaisuwa mai yawa. Na ji an ba yaran hutu, ina fata ba su hana ki sakat ba. Yaya jikin mahaifiyar Loïc?

Na karanta takardarki. Ba ki yi mini adalci ba a wuri ɗaya: ban yi don in nuna wa hukuma ni ba 'yar Baba ba ce. Hukumar ba ta ce mini komai ba, ta bar mini. A sauran wuraren kina iya zama da gaskiya. Da ƙofar ta ƙi buɗuwa kuma hayaƙin ya zama wuta, da tazarar da ke tsakanin Baba da Thierry ita ce ran mutumin. Na sha auna wannan, ban samu amsar da ta wanke ni ba. Abin da na sani shi ne baɗi ma zai tsallaka, kuma ba shi kaɗai zai tsallaka ba.

Jaridarmu ta buga hoton a shafin farko. A teburina ya sauka, ni na gyara rubutun da ke ƙarƙashinsa. Wakilinmu ya rubuta "jarumi", na bar shi, don gaskiya ne. Mai gidan burodi ta manna shafin a gilashinta, ni kuma ta daina tambayata ko a yanka mini burodin. Colette, matar Dédé, ta gamu da ni a kasuwa, ta matse mini hannu ta wuce.

Jiya na je gidan. Na tarar da shi yana ɗaure tumatir. Na faɗa masa abin da na zo faɗa, cewa baɗi ba zai tsaya a tashata ba, ko a kan tuta. Na ce in yana so, akwai shugabannin wasu tashoshin da za su karɓe shi hannu biyu bayan hoton nan, ni kuma ba zan hana ba.

Ya ce, "In na koma wata tasha, wancan sakaran zai biyo ni."

Na ce haka ne.

Ya yanke zare da wuƙa, ya ɗaura wani reshen. Ya ce direban ya aiko masa da safar hannunsa ta tsere da 'yar takardar godiya, ya kuma ce abin dariya ne a rasa abin aiko masa sai safa. Na yi dariya, shi bai yi ba.

Na tsaya ina riƙe masa zaren har ya kai ƙarshen layi. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kin yi daidai, Armelle. Da ni ne, da haka zan yi. Amma kada ki zo cin abincin Lahadin nan."

Na ce to. Na tambaye shi Lahadi ta sama fa. Ya ce a bari ta zo tukuna.

Ki kira shi in kin samu sarari. Kada ki yi masa maganar tseren, ki tambaye shi tumatir, bana sun yi kyau.

A gaida kowa da kowa.

Yayarki,
Armelle